Taswirar Tekunan One Piece: Daga East Blue Har Zuwa Laugh Tale



Musu ne ya jawo wannan rubutu. Ranar Asabar da daddare muna zaune a majalisa, wani abokina da ya shigo One Piece ta siris ɗin Netflix ya ce shi fa ya gano labarin nan rainin hankali ne kawai. Hujjarsa ita ce, tunda duniyar tasu a zagaye take, kuma ƙarshen hanyar yana komawa ne gindin dutsen da aka faro tafiya, me ya hana Luffy ya juya jirgi ta baya ya isa cikin sati ɗaya? Sai an ja mu episod sama da 1000? Aka yi ta dariya. Amma da aka ce to wa zai ba shi amsa, sai kowa ya fara kame-kame, har da ni. Na san amsar a kaina, amma na kasa jero ta. Shi kuma ya rantse idan ba a gamsar da shi ba ya bar kallo ke nan.

Shi ya sa na zauna na haɗa bayanin tekunan duniyar nan wuri ɗaya, don wanda ya fara kallo ya ruɗe, da wanda ya daɗe yana kallo amma bai taɓa zama ya kalli taswirar ba. Akwai bayanan da za su iya ɓata wa sabon shiga labari, na tura mafi nauyinsu can ƙasa kuma zan yi gargaɗi kafin mu kai.

Ga wanda bai sani ba: Eiichiro Oda ɗan Japan ne ya ƙirƙiri One Piece. An fara buga shi a mujallar Weekly Shonen Jump a watan Yulin 1997, kamfanin Toei Animation ya fara katun ɗin a Oktoban 1999, sannan Netflix ta fitar da na mutane a ranar 31 ga Agusta 2023 da episod 8.

Layi biyu da suka raba duniya

Ka ɗauki lemon zaƙi. Ka ɗaura masa jan zare ya zagaye shi. Ka sake ɗaura shuɗin zare ya zagaye shi, amma ya gitta jan nan. Yanzu bawon lemon ya rabu gida huɗu, kuma zarurrukan sun haɗu a wuri biyu, gaba da baya. To ka gama zana duniyar One Piece.

Jan zaren shi ne Red Line. Ƙasa ce ta jan dutse, ita kaɗai ce nahiya a duniyar, ta zagaye ta kamar katanga. Tsayinta ya shige cikin gajimare, gindinta kuma ya nutse can ƙasan teku. Jirgi ba ya ratsa ta.

Shuɗin zaren shi ne Grand Line, doguwar hanyar ruwa da ake wa laƙabi da maƙabartar 'yan fashin teku. Gida huɗun nan kuma su ne East Blue, West Blue, North Blue da South Blue. Wurare biyun da zarurrukan suka haɗu, ɗaya shi ne Reverse Mountain, ɗayan kuma Mary Geoise a sama da Fish-Man Island a ƙasa. In ka riƙe wannan hoton, sauran bayanin duk mai sauƙi ne.

Tekuna huɗu

A waɗannan tekunan ruwa yana tafiya yadda aka saba. Kamfas yana aiki, yanayi yana da lokacinsa, masunta da 'yan kasuwa suna harkarsu.

East Blue ake cewa mafi rauni. Matsakaicin kuɗin da gwamnati ke sawa a kan ɗan fashi a can beri miliyan 3 ne. Buggy miliyan 15, Don Krieg miliyan 17, Arlong miliyan 20, shi ya sa da aka sa wa Luffy miliyan 30 a karon farko abin ya zama labari. Amma raina kama ka ga gayya: daga wannan tekun Gol D. Roger ya fito, haka Garp da Dragon da Luffy da Zoro da Usopp, nan kuma Nami ta tashi. A nan gidan abincin Baratie yake yawo a kan ruwa, a nan Loguetown yake, garin da aka haifi Roger kuma aka kashe shi. Duk sizin farko na Netflix a cikin East Blue aka yi shi.

West Blue nan ne tsibirin Ohara yake, garin malaman tarihi da gwamnati ta ƙone ƙurmus, Nico Robin kaɗai ta tsira tana shekara 8. Brook ma ɗan can ne. Kuma ga wani abu da zai ba ku dariya: akwai ƙasa a West Blue sunanta Kano. Wallahi da gaske nake, ƙasar su Don Chinjao da jikansa Sai ce. Sai dai kada Kanawa su fara murna, a Japananci sunan yana nufin ƙasar furanni, kuma tsarin gine-ginenta da tufafinta na Sin ne.

North Blue ya ba mu Trafalgar Law daga farin birnin Flevance, da Montblanc Noland da aka kashe bisa zargin ƙarya. Mutane da yawa suna ɗauka Sanji ɗan East Blue ne saboda a Baratie aka same shi, amma a North Blue aka haife shi, a masarautar Germa.

South Blue shi ne ba a cika nuna mana ba. A tsibirin Baterilla na can aka haifi Ace. Eustass Kid ɗan can ne, masarautar Sorbet ta Kuma ma tana can.

Abin lura shi ne mutumin East Blue ba ya tashi haka kawai ya ce zai je North Blue cin kasuwa. Ta gefe ɗaya Red Line ta tare shi, ta ɗaya gefen kuma ga abin da ke biye.

Calm Belt: ruwan da ba ya motsi

Grand Line tana da shinge biyu, ɗaya a kowane gefe. Sunansu Calm Belt. Babu iska, babu igiyar ruwa, shiru kamar ruwan randa. A duniyar da yawancin jirage iska ce ke tura su, wannan kaɗai ya isa ya kashe mutum da yunwa. Amma babbar matsalar ba ita ce wannan ba. Nan ne sheƙar Sea Kings, dodannin ruwa da wasunsu jirgi guda bai kai girman hancinsu ba. Su Luffy sun faɗa ciki bisa kuskure kafin su shiga Grand Line, da ƙyar suka sha.

Oda bai ƙago wannan daga iska ba. A duniyarmu ma akwai yanki kusa da layin da ya raba duniya biyu inda iska kan ɗauke, jiragen da na zamanin da su maƙale kwana da kwanaki. Dodannin ne kawai ƙarinsa.

Su wa ke iya ratsawa? Na farko sojojin ruwa. Suna shimfiɗa wani dutse mai suna Seastone a ƙasan jiragensu, dutsen yana fitar da ƙarfi irin na teku, sai dodannin su kasa bambance jirgin da ruwa. Dabarar Vegapunk ce, Koby ne ya faɗa wa su Luffy a Water 7. Na biyu matan Kuja na Amazon Lily, waɗanda macizan ruwa masu dafi ke jan jirginsu, dodanni ba sa kusantar su. Na uku tsoho Rayleigh, wanda ya ratsa da iyo. Shi wannan kada ku sa shi a lissafin mutane.

Kurkukun Impel Down ma a cikin Calm Belt aka gina shi. Ka fasa ƙofa ka fito, ina za ka?

Reverse Mountain: inda ruwa ke hawa dutse

Tunda gefe a toshe yake, ƙofar shiga Grand Line ga ɗan fashi ɗaya ce. Igiyoyin tekunan nan huɗu suna bugowa da ƙarfi zuwa wani dutse a jikin Red Line, kowanne ya bi mashigarsa ya haura sama. A ƙololuwa su haɗu, sannan su gangaro ta mashiga ta biyar zuwa cikin Grand Line. In matuƙinka ya kuskure bakin mashigar, jirgi ya daki dutse, shi ke nan.

Ku riƙe wannan da kyau don shi ne rabin amsar abokina: mashigar gangarowa guda ɗaya ce, kuma gefe ɗaya take zubawa, wato farkon hanya. Babu wadda ke gangarawa ta bayan dutsen.

A gindin gangaren akwai Twin Cape, inda tsoho Crocus ke tsaron fitilar jirage tare da Laboon, ƙaton kifin da ya shekara 50 yana dukan Red Line da kansa yana jiran abokansa. Daga nan hanya ta rabu bakwai. Wadda ka zaɓa ita za ka bi har tsakiyar duniya.

Yadda ake gane hanya

A Grand Line kamfas ba ya aiki. Tsibiran suna ɗauke da ma'adinai masu maganaɗisu da ke ruɗa allurar, iska da igiya kuma ba su da alƙibla. Kayan aikin da ake dogaro da su uku ne:

Log Pose: ana ɗaura shi a hannu kamar agogo. In ka sauka a tsibiri sai ka jira ya haddace maganaɗisun wurin, sannan allurar ta nuna tsibiri na gaba. Lokacin jira ya bambanta. A Water 7 sati ɗaya ne, a Little Garden kuwa shekara guda cur, ga dabbobin zamanin da suna yawo a daji.

Eternal Pose: shi tsibiri ɗaya yake nunawa har abada, ko ina kake.

Vivre Card: takarda ce da ake haɗawa da farcen mutum. Kullum tana jan jiki zuwa inda mai ita yake, in rayuwarsa na cikin haɗari sai ta fara ƙonewa.

Sai yanayi. Tsibiran Grand Line iri huɗu ne, na zafi, na sanyi, da biyu na tsakani, kuma kowanne yana da lokutansa huɗu, ka ga yanayi 16 ke nan. Drum ƙanƙara, maƙwabciyarta Alabasta hamada. A tsakanin tsibirai inda waɗannan yanayoyi ke karo, sai ka ga rana, ƙanƙara da guguwa cikin awa ɗaya. Shi ya sa ni a wajena Nami ce mutum mafi muhimmanci a jirgin nan. A cire Zoro za a sha wuya, a cire Nami ko tsibiri na biyu ba za a kai ba. Ku tambayi Don Krieg, wanda ya shiga da jirage 50 da mutum 5,000, kwana bakwai kacal Mihawk ya tarwatsa su.

Rabin farko: Paradise

Rabin farko yana tsakanin East Blue da South Blue. Waɗanda suka ga rabi na biyu ne suka sa masa suna Paradise, wato a wajensu nan hutu ne. Hanyar su Luffy ita ce Whisky Peak, Little Garden, Drum, Alabasta, Jaya, Skypiea, Long Ring Long Land, Water 7, Enies Lobby, Thriller Bark, sai Sabaody. Wurare uku ne suka fi shafar maganar teku.

Na farko tekun sama. Kusa da Jaya akwai Knock Up Stream, ruwa ne da ke fashewa daga ƙasan teku ya yi tsiri zuwa sama. Shi ya harba jirgin Going Merry cikin gajimare. A can akwai White Sea a tsayin mita 7,000, da White-White Sea a mita 10,000 inda Skypiea take. Ku kwatanta da dutsen Everest mai mita 8,849. Irin wannan ruwan ne ya cilla rabin tsibirin Jaya sama shekara 400 da suka wuce, har da birnin zinariya. Noland ya dawo da sarkinsa bai tarar da komai ba, aka kashe shi a matsayin maƙaryaci alhali gaskiya ya faɗa.

Na biyu Water 7, birnin maƙeran jirage, wanda duk wanda ya taɓa ganin hoton Venis ta Italiya zai gane inda aka samo shi. Duk shekara ambaliyar Aqua Laguna tana dukan sa, ruwa kuma yana cin birnin a hankali. Jirgin ƙasan da ke gudu a kan teku, wanda Tom ya ƙera, shi ya ceto kasuwancinsu.

Na uku Florian Triangle, yankin hazo da ake cewa jirage sama da 100 ke ɓacewa a ciki duk shekara, kamar labarin da ake bayarwa kan Bamuda. A nan aka tsinci Brook.

Gwamnati kuma tana da tata hanyar ta musamman, igiyar Tarai, wadda ke juyawa tsakanin Enies Lobby, Impel Down da Marineford. Sai an buɗe maka manyan ƙofofin nan kake fita daga cikinta, in ba haka ba ka yi ta zagaye.

Tsakiyar hanya: ko ta sama ko ta ƙasa

Duk hanyoyi bakwai ɗin nan suna ƙarewa ne a jikin Red Line, kusa da Sabaody. Sabaody ba tsibiri ba ne na gaske, manyan bishiyoyi 79 ne da suka tsiro daga ƙasan teku, shi ya sa ba shi da maganaɗisu kuma ba ya canza Log Pose.

Daga nan zaɓi biyu ne. Ko ka nemi izinin gwamnati, ka bar jirginka, a haura da kai ta Mary Geoise, ka sauka ɗaya gefen ka nemi sabon jirgi. Wannan ba ta ɗan fashi ba ce. Ko kuma a lulluɓe jirginka da ƙaron bishiyoyin nan ya zama kamar yana cikin kumfa, ka nutse mita 10,000 zuwa Fish-Man Island, ka bi ta ramin da ke ƙasan Red Line. Wuri mafi zurfi a tekun duniyarmu, ramin Mariana, kusan mita 11,000 ne, ka ga Oda bai yi nisa da gaskiya ba. In kumfar ta fashe a wannan zurfin, ba a ma maganar gawa.

Ni wannan wurin ne ya fi taɓa ni a duk taswirar. Masu mulkin duniya suna zaune a can ƙololuwa, mutanen kifi da suke kamawa bayi suna daidai ƙarƙashinsu a cikin duhu, hasken rana ma sai ta saiwar wata bishiya yake isa gare su.

Rabi na biyu: New World

Yana tsakanin North Blue da West Blue, nan ne Yonko huɗu ke mulki. Log Pose na nan allura uku gare shi, saboda maganaɗisun wasu tsibiran yana canzawa ko ya ɓace kana tsakiyar tafiya. Allurar da ta fi rawa ita ke nuna tsibiri mafi haɗari, kuma kun san wadda Luffy zai zaɓa.

A nan akwai Raijin da tsawa ke zuba kamar ruwan sama. Akwai Punk Hazard, rabi wuta rabi ƙanƙara tun faɗan kwana goma na Akainu da Aokiji. Akwai Zou, ƙasa a bayan giwa mai shekara sama da 1000 da ke tafiya cikin teku, Log Pose ba ya nuna ta don ba tsibiri ba ce, da Vivre Card aka je. Wano kuma sai ka haura ruwan da ke zubowa daga dutse kafin ka shiga.

Gargaɗi: daga nan akwai ɓata labari

Log Pose ba ya kai mutum tsibirin ƙarshe. Iyakarsa Lodestar, daga nan allura ta rikice. Don gano Laugh Tale sai ka samu jajayen duwatsu huɗu, Road Poneglyph. Kowanne yana nuna wuri ɗaya a taswira, in ka ja layi tsakanin huɗun, inda suka gitta nan ne tsibirin. Ɗaya yana Zou, ɗaya yana hannun Big Mom, ɗaya a Wano, na huɗun da yana Fish-Man Island amma an ɗauke shi. Kuma rubutun jikinsu gwamnati ta haramta karanta shi, dalilin ƙone Ohara ke nan. Cikin shekara 800, jirgin Roger kaɗai ya isa.

Sai babbar maganar da ta fito a babin Egghead a 2024. Vegapunk ya sanar wa duniya cewa tana nutsewa. Ya ce a ƙarnin da aka goge daga tarihi ruwa ya ƙaru da mita 200, wato tsibiran da muke gani ƙololuwar tsofaffin nahiyoyi ne. Bayan an shafe masarautar Lulusia ma ruwa ya ƙaru da mita 1 a duk duniya. Tun daga ranar na daina kallon ambaliyar Water 7 a matsayin matsalar gari ɗaya. Ku kuma tuna duk wanda ya ci 'ya'yan itacen shaiɗan ba ya iya iyo, ruwa na kai masa wani matsayi ƙarfinsa ya tafi. Mafi yawan manyan duniyar nan ke nan.

Akwai kuma All Blue, tekun da Sanji ke mafarki, inda kifin tekuna huɗu ke haɗuwa. Masoya da yawa suna hasashen sai an fasa Red Line zai samu. Hasashe ne, Oda bai faɗa ba, amma in ka kalli lemon nan da zarurrukansa za ka ga dalilin da ya sa ake tunanin haka.

Amsar abokina a taƙaice

Me ya hana a juya ta baya? Ɗaya, Red Line katanga ce, jirgi ba ya ratsa ta. Biyu, ruwan Reverse Mountain gefe ɗaya yake gangarawa. Uku, in ka ce za ka shigo ta gefe daga North Blue ko West Blue, Calm Belt da dodanninta suna jiran ka. Huɗu, ko ka tsallake duk wannan da jirgin sojoji, ka faɗo cikin ruwan Yonko ba tare da allurar da za ta nuna maka tsibirin ba. Ba nisa ne ya ɓoye Laugh Tale ba, rashin sanin inda yake ne, kuma mutum ɗaya da ta rage daga Ohara mai iya karanta duwatsun tana jirgin Luffy.

Na tura masa wannan kafin na ɗora shi a nan. Ya ce ya yarda da uku, amma har yanzu yana ganin Rayleigh zai iya zuwa da iyo. Ya dai ci gaba da kallo, yanzu yana Alabasta.

In na yi kuskure a wani wuri ku gyara min a ƙasa, kuma ku faɗa min a wane teku za ku so a haife ku. Ni dai East Blue, kusa da Baratie. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.